Sifika Ta Yi Magana, Tebur Ya Yi Shiru: Lacca Kan Rage Jijjigar Kayan Sauti a Gida

Shugaban wannan zama, iyayenmu da suka tsufa a sana'ar gyaran rediyo, 'yan kasuwa masu sayar da kayan sauti, kafintoci masu haɗa akwatin sifika, ƙannena masu koyon aiki, da iyayenmu mata da na hango can baya, barkanku da yamma. Na san wasunku sun rufe shago da wuri don su zo, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Maganata guda ɗaya ce, sauran duk bayani ne a kanta. A cikin kayan da muke jonawa a gida mu saurari karatu ko labarai ko waƙa, abu ɗaya aka ƙera domin ya motsa ya ba da sauti, shi ne takardar nan ta gaban sifika da masu gyara ke kira kon. Duk abin da ya motsa bayan ita, akwatin ne, tebur ne, gilashin taga ne ko silin, ƙara yake zubawa a cikin sautin, ƙarar da mai karatun ko mai waƙar bai yi ba.

Wannan yanki namu ya daɗe da sanin akwati mai magana. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari ba da jimawa ba, sabon abu yakan fara sauka ne a nan Waje kafin ya shiga cikin birni. An buɗe gidan silima na Rex a 1937. A 1944 Turawan mulki suka kawo rediyon waya, wanda ake jan waya daga tasha zuwa akwatin sifika a gida ko a wurin taruwar jama'a. Daga nan garmaho ya yi zamaninsa, kaset ya yi nasa, faifan CD ya zo ya wuce, yau kuma yaro na tura waƙa daga wayar hannunsa zuwa wufa, wato sifikar bes, ba tare da ya jona komai ba. Wani malamin jami'a a Amurka, Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano yana nazarin silima da kaset, ya fitar da littafi a 2008, kuma cikin abubuwan da ya lura da su har da yadda kaset ɗin da ake ta kwafa daga wani zuwa wani a Ƙofar Wambai yake rasa tsabtarsa, har gurɓataccen sauti ya zama abin da jama'a suka saba ji yau da gobe. Ni a ganina wannan sabo yana nan tare da mu. Ku tsaya a bakin shagon kayan sauti a France Road ku ga yadda ake gwaji: a murɗa har ƙarshe, kanta ta ɗauki rawa, kwalayen da ke jere su soma tafiya da kansu, sannan mai saye ya gyaɗa kai ya ce, “Yauwa, wannan tana da ƙarfi.” Rabin abin da ya ji ƙarar kanta ce, kuma ba da kantar zai tafi gida ba.

Bari mu ga daga ina jijjigar take tasowa. Irin sifikar da muke amfani da ita, wasu injiniyoyi biyu ne na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarinta a 1925, kuma har yau ba ta canza sosai ba: kwayil a cikin ratar maganaɗisu, wuta ta bi ta cikinsa, ya tura kon gaba ya ja shi baya. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin motsin iska daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. Bes ɗin da matasa ke so yana can ƙasa, kamar sau 40 zuwa 100 a sakan, kuma kafin a fitar da shi dole kon mai faɗi ya tura iska mai yawa. To, duk sa'ad da kwayil ya tura kon gaba, da wannan ƙarfin ne ake tura maganaɗisu baya, shi kuma a jikin akwati yake ɗaure. Ƙarfin nan ba ya ɓacewa. Wani ya sauka ta ƙafafun akwati ya shiga abin da aka ɗora shi a kai, wani ya kaɗa bangwayen akwatin, wani kuma ya bi iska ya je ya taɓa duk abin da ke sako-sako a ɗakin.

Wanda ya taɓa riƙe gurmi ya san cewa tsirkiya ita kaɗai ba ta da wani amo. Ƙwaryar da fatar da aka rufe ta da ita su ke ɗaukar motsin su cika wuri da shi. Teburin katako mara kauri, ko dibaida mai ramuka, haka yake yi wa wufa. Bambancin shi ne mai haɗa gurmi ya zaɓi ƙwaryarsa don muryarta, shi kuwa tebur ba wanda ya zaɓe shi don murya.

Ga abin da ke faruwa a gidajenmu, kuma masu gyara da ke nan za su ba da shaida. Falon amarya ne, ciki da falo, a wani lungu na Fagge. Dibaida ta cika bango guda. Talabijin a tsakiya, a sama jeren tangaran da kofunan gilashi da ba a taɓa shan ruwa da su ba, a ramin ƙasa kuma an cusa wufa ta shige cif, bayanta na manne da falankin baya mai kaurin kwali. Ƙofofin gilashin dibaidar suna zaune cikin ƴar kwata ba roba. Ana kunna abu mai bes sai a ji “zzz” can ƙasa-ƙasa, murfin wani tangaran yana “kar-kar-kar”, muryar mai magana ta zama kamar daga cikin tulu take fitowa. Maigida ya yanke hukunci: wufa ta fashe. Ya ɗauko ta a bayan babur ya kawo shago. Mai gyara ya ajiye ta a kan daɓen siminti, ya jona, ta yi magana garau. In mai tsoron Allah ne sai ya ce, “Alhaji, lafiyarta ƙalau, a ina take zama a gida?” In ba haka ba, ya canza kon, ya karɓi kuɗi, a mayar da ita ramin nan, ƙarar ta dawo daren nan. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Saboda haka kafin a sayi komai, a fara gano abin da ke motsi. Kayan aikin suna jikinka. Kunna abin da ke tayar da ƙarar, ka bi ɗakin kana ɗora tafin hannu a kan tebur, ƙofar gilashi, taga, firam ɗin hoto, murfin fanka. Inda ka danna ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawo. Ajiye kofin ruwa a kan tebur ka dubi fuskar ruwan. In tana shatar zobe, teburin na rawa. Sai gwajin da na fi so: mutum ɗaya ya ɗaga sifikar sama da hannu biyu tana cikin aiki, ɗaya ya saurara. In sautin ya washe da zarar ta bar tebur, ba sauran gardama. Masu wayar zamani kuma akwai manhajojin kyauta masu fitar da amo guda ɗaya tsantsa, ka fara daga sau 30 a sakan kana hawa sannu-sannu zuwa 200. Kowane abu a ɗakin yana da adadin da yake amsawa, za ka ji suna tashi ɗaya bayan ɗaya, taga a nan, silin a can. Kada dai a murɗa da yawa, don amo tsantsa yana saurin ƙona kwayil.

Magani na farko sukurudireba ne. Yanayin Kano ba ya tausayin katako: hunturu ya busar da shi ya tsuke, damina ta kumbura shi, musamman irin katakon nan na garin katako da aka matse da gam, wanda yawancin ƙananan wufa da shi ake yi. Shekara biyu uku, notunan da suka riƙe sifika a jikin akwati sun saki. A ɗaure su, gicciye-gicciye, ba tare da an matse har katakon ya ci ba. A duba ragar gaba, a duba farantin baya inda wayoyi ke shiga, a duba ko wata waya a ciki tana taɓa bayan kon. Ƙofar gilashi a liƙa mata ƴar roba ko soso inda take haɗuwa da katako. Tangaran a shimfiɗa masa tsumma a ƙasa, a raba su kada su taɓa juna. Sannan a lura da ƙafafu. Daɓenmu ba kasafai yake a miƙe ba, abu mai ƙafa huɗu kuwa a kan daɓe mara daidai kullum ƙafa ɗaya na lilo, tana bugun ƙasa sau hamsin a sakan. Ƙafa uku ba ta lilo ko a ina aka ajiye ta.

Na biyu, a canza mata wuri. Wufa ba ta da aiki a cikin dibaida, ba ta da aiki a kan tebur ɗaya da talabijin. Ƙasa ne wurinta. Amma ko a ƙasan akwai magana, don ɗakin kansa yana da nasa amon. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan. Ɗakinmu na haya da aka saba, ƙafa 12 ne tsawo ƙafa 12 faɗi, wato kamar mita 3.7 kowane gefe. In ka raba 343 da ninkin wannan tsawo za ka samu kusan 47. Ma'ana, amon da ke kaɗawa sau 47 a sakan yana kai da komo tsakanin bango da bango yana taruwa a kan kansa, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, taruwar ninki biyu ce. Shi ya sa a irin wannan ɗaki za ka ji wani bugu guda na bes ya fi sauran kumbura, ya yi ta gunji a jikin bango da kusurwa, a tsakiyar ɗaki kuma ka neme shi ka rasa. Kusurwa ce ta fi tayar da wannan gunji, kuma nan ne kowa ke son tura wufa don kada yara su yi tuntuɓe da ita. A jawo ta daga kusurwa, a ba ta ko da taku ɗaya daga bango, a saurara, a ƙara matsarwa. Dabarar da masu harkar ke yi ita ce su ɗora wufar a kan kujerar da ake zama, su bi gefen ɗaki a durƙushe suna saurare. Inda bes ya fi fitowa sumul ba kumburi, nan za a ajiye ta. In matar gida ta same ka kana rarrafe a falo, sai ka yi mata bayani.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe, domin nan ne ake yawan kuskure, har da masu ilmin abin. Kowa ya san a sa roba a ƙarƙashin sifika. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne roba na iya rage jijjiga, tana kuma iya ƙara ta. Duk nauyin da aka ɗora a kan abu mai lotsawa yana da adadin da yake son yin lilo a kai. Jijjigar da ta yi daidai da wannan adadi ƙaruwa take yi. Sai wadda ta haura shi da kamar ninki ɗaya da rabi ce take fara raguwa, in ta kai ninki uku kuwa, kamar kashi ɗaya cikin takwas ne kawai ke ratsawa. Shi kuma adadin, ana gane shi daga yadda abin ya lotsa da aka ɗora nauyin. A lissafi, in ya lotsa milimita 1, adadin kusan sau 16 ne a sakan. In ya lotsa milimita 4, ya sauko 8. In kuwa da ƙyar ya lotsa kashi ɗaya cikin goma na milimita, adadin ya hau kusan 50, wato tsakiyar bes ɗin da muke gudu.

Kun ga ke nan wanda ya yanko ƙyallen tayar mota mai tauri ya sa a ƙarƙashin ƴar wufa mai nauyin kilo biyar bai raba ta da daɓe ba, wataƙila ma ya ƙara. Robar ta fi ƙarfin nauyin. Haka wanda ya sa soson katifa mai laushi har nauyin ya latse shi ya lafe, shi ma ya koma gidan jiya, don soson da ya lafe ba shi da sauran wurin lotsawa. Abin nema shi ne tsaka-tsaki: ya lotsa ido na gani, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kaurinsa, amma da sauran rai a cikinsa. In nauyin ya yi kaɗan, a rage faɗin robar, a yanka ta ƙanana guda uku ko huɗu maimakon shimfiɗa guda, ko kuma a ƙara nauyi.

Ƙarin nauyin nan shi ne rabin sirrin. A samo falen dutse ko na kankare, ko ragowar mabul daga wurin masu sa tayil, wanda ya ɗan fi gindin sifikar faɗi. A sa abin lotsawa a ƙasa, a ɗora falen, a ɗora sifika a kan falen ta zauna daram. Nauyin dutsen yana hana akwatin ja da baya idan kon ya tura, yana kuma danna robar ta yi aikinta. Abin lotsawar ba sai an je nesa ba. Ƙwallon tanis da aka raba biyu yana yi. Soso mai tauri irin na silifa yana yi wa abu mai nauyi. Wanda ya fi su duka, in ana son raba abu da ƙasa sosai, shi ne tib ɗin ƙaramar taya, na baro ko na keken yara, a sa mai faci ya ba shi iska kaɗan, yadda zai yi taushi, a kwantar da shi a ɗora falen a kai. Illarsa iska na sauka, sai an riƙa dubawa, kuma ba a ɗora doguwar sifika a kansa a gidan da yara ke guje-guje. Roba kuma zafinmu na watan Afrilu yana busar da ita ta ƙandare. In ta daina lotsawa a canza.

Akwai wasu ƙafafun ƙarfe masu tsini da ke zuwa da manyan sifiku, wasu kuma a sayar da su daban da tsada, a ce suna tsotse jijjiga. Ba sa tsotse komai. Aikinsu su huda kafet su kafe akwatin a jikin daɓe don kada ya yi lilo. A ɗakin ƙasa mai daɓen siminti wannan yana da amfani. A saman bene kuwa, tsinin nan hanya ce miƙaƙƙiya da bes zai bi ya shiga simintin benen ya sauka a kan wanda ke kwance a ƙasa.

Kafintoci, ga naku. Ku ƙwanƙwasa gefen akwatin da kuka haɗa da gaɓar yatsa. In ya amsa “kwam” da dogon amo, zai yi waƙa tare da sifikar. In ya ce “tak” ya yi shiru, an yi aiki. Falanki mai faɗi shi ya fi rawa, maganinsa kuwa a ɗaure shi daga ciki da sanda tsakanin bango da bangon da ke kallonsa, da gam da noti, kuma kada sandar ta faɗa daidai tsakiya. Kusa kaɗai ba ta riƙe akwatin bes. Duk wata kafa da iska za ta iya fita a toshe ta, don ita ce ke yin fito. Wannan matsala ta daɗe tana damun manyan masu ƙira. Gilbert Briggs, wanda ya kafa kamfanin Wharfedale a Ingila a 1932, ya riƙa yin bangon akwati falanki biyu ya cika tsakaninsu da yashi, saboda yashi na cinye motsi ba ya mayar da shi. Injiniyoyin BBC kuma, da suka zo ƙera ƙaramar sifikarsu LS3/5a a shekarun 1970, sai suka ɗauki filawud mara kauri sosai suka liƙa masa falle-fallen kwalta daga ciki. Mu da yashi bai yi mana wuya ba, kuma muna da ledar kwaltar nan mai gam da ake liƙe yoyon kwano da ita, ba mu da uzuri. Yashin dai ya bushe ƙarau kafin a zuba, a ɗaure shi a leda, don ƙwaya ɗaya in ta shiga ratar kwayil ta gama da sifikar. Audugar matashi da ake cusawa ciki tana da nata amfani wajen kashe amsa-kuwwar cikin akwati, amma ba ta hana katako rawa.

Sai ƙugin nan da ake ji ko ba a kunna komai ba. Iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wutarmu ta Nijeriya tana juyawa sau 50 a sakan. Ƙarfen cikin taransifoma yana ɗan tsukewa ya saki sau biyu a kowane juyi, wato sau 100, shi ne ƙugin da amfilifaya ko sitabilaiza ke yi da jikinta. Cire wayoyin sifika ka saurara: in ƙugin na nan, daga jikin ƙarfen yake, sai a ɗaure notunan taransifomar, a sa mata wasar roba, a sauke sitabilaiza daga kan katakon da ke ƙara mata murya. In kuwa ƙugin ta bakin sifika yake fita, matsalar waya ce ko ta wuta, duk robar duniya ba za ta taɓa shi ba. Ƙannena masu koyo, kafin ku buɗe amfilifaya ku zare ta daga soket, ku kuma tuna manyan kafasito suna riƙe wuta bayan an kashe.

Ƙaramin janareta da ke ba da irin wannan wuta yana juyawa sau 3,000 a minti, wato sau 50 a sakan, daidai cikin bes. In yana zaune a kan barandar bene ko daɓen da ya haɗe da ɗaki, gidan duka na karɓar bugunsa. Masu ɗora shi a kan tsohuwar taya sun yi daidai, don shi yana da nauyin da zai lotsa ta, in an ɗora falanki a tsakani ya zauna sosai. A nisanta shi da bango, kuma don Allah kada neman rage ƙara ya sa a shigar da shi ɗaki ko lungun da ba iska. Hayaƙinsa na kisa.

Ba kowane kaya ne jijjiga ke damu ba, kuma a nan ne ake cin kuɗin mutane. Garmaho tana damunsa ƙwarai, domin allurarsa motsin da ido ba ya gani take karantawa a cikin layin faifai, ba ta kuma bambance motsin faifai da na tebur. In sifika ta kaɗa teburin, allura ta ɗauka, ta mayar wa sifika, sai abin ya yi ta zagayawa har ya zama gunji. Dalilin da ya sa Edgar Villchur na kamfanin AR a Amurka ya fito da garmaho a 1961 wanda faranti da hannun allura ke rataye a kan sifirin uku ke nan. Dattawan da har yanzu ke da fayafayan Shata ko na Ɗan Maraya Jos a ajiye, su kafa wa garmahonsu ƴar kanta a jikin bangon bulo, nesa da sifika, ya fi kowane tebur. Na'urar CD takan yi tsalle in bugun ya yi yawa. Tsohuwar rediyo mai kwalba ita ma tana ji. Makirfo kuwa kowa ya san kukan da yake yi a masallaci ko wurin ɗaurin aure. Yawancinsa ta iska yake zagayowa, amma in sandar makirfo da sifika suna kan katako ɗaya, raba su kawai na iya kashe wani ɓangare. Amma amfilifaya ta zamani, da dikoda, da wayar hannu, jijjigar falo ba ta canza musu sauti yadda kunne zai ji. Wanda ya ce ka sayi ƙafafun dubban nairori ka sa a ƙarƙashin dikoda don murya ta yi zaƙi, aljihunka yake so.

Na bar maganar maƙwabci zuwa yanzu da gangan. Fagge da Sabon Gari wuri ne da bango ɗaya ke raba iyali biyu, wani na kwana a saman wani. Gidan ƙasa na iyayenmu, mai katanga mai kauri da rufin azara, yana tare sauti saboda nauyinsa. Ƙa'idar ita ce duk ninka nauyin bango yana rage abin da ke ratsawa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. Bulo mai rami da silin mara nauyi da rufin kwano ba su da wannan. Siririyar murya bango na tare ta, amma bes ratsawa yake yi, ya bi siminti da rodi, har ya fi damun na ɗakin gaba fiye da mai kunnawa, domin shi bugun kaɗai ke isa gare shi ba waƙar. Labule mai kauri, kafet da kujerun kushin suna gyara sautin cikin ɗaki, wannan gaskiya ne, sai dai ba sa tare bes. Kiret ɗin ƙwai da matasa ke liƙawa a bangon ɗakin ɗaukar waƙa ba ya hana sauti fita ko kaɗan, ga shi abincin wuta. Wanda ya ga abin da gobarar watan Maris na 2016 ta yi wa kasuwar Sabon Gari ba ya buƙatar a ja masa kunne kan tara kwali da soso kusa da wayar lantarki. Abin da ke taimakon maƙwabci da gaske shi ne a ɗaga wufa daga daɓe a kan dutse da abin lotsawa, a janye ta daga bangon da kuka haɗa, a kuma rage bes in dare ya yi. Hukumar kula da muhalli ta NESREA tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009, amma mu da aka tarbiyyantar da mu a kan haƙƙin maƙwabtaka, Musulminmu da Kiristanmu, bai kamata sai hukuma ta zo ba.

Kunnenka ma yana da haƙƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90, awa 4 ne kacal. Mai shagon da ke yini a gaban sifika yana gwaji ya yi wa kansa wannan lissafi. Kuma ga wani abu da na lura da shi: mutum yakan ƙara murya ne saboda ba ya jin kalmomi sosai, kalmomin kuwa ƙarar tebur da gunjin kusurwa ne suka rufe su. In aka kashe waɗannan, da kansa zai rage. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kafin kunne ya ji sauti ya ninka sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Wanda ke shirin sayen babbar wufa saboda tasa “ba ta fita”, ya fara gwada sukurudireba da falen dutse tukuna.

Roƙona ga iyayena da ƴan'uwana masu gyara da masu sayarwa shi ne, duk wanda ya kawo muku sifika ya ce tana ƙara, kafin ku kwance noti ko ɗaya ku tambaye shi inda take zama, da abin da ke kusa da ita, da ko saman bene yake. Ku gwada masa ita a kan siminti yana tsaye yana ji. In lafiyarta ƙalau ku faɗa masa, ku koya masa gwajin ɗagawa da hannu ya je gida ya yi. Masu sayarwa kuma ku sauke sifikar gwaji daga kan kanta, mai saye ya ji abin da zai biya kuɗinsa. Na ga an ajiye wufa da tebur da kofin ruwa a nan gefe. Bayan tambayoyi, duk mai so ya matso mu gwada tare.